Mai Kai Tuwon Alhaji

Ni direba ne. Shekara goma sha ɗaya ina jan woro-woro, taksin nan da ake cusa mutum biyar a ciki, daga Adjamé zuwa Treichville a nan Abidjan in juyo. Saboda haka in na yi maganar titi, kada wani ya ce ban san abin da nake faɗa ba. Sunana Kalla, mutumin Maraɗi. Ɗaki ɗaya nake haya a gidan Alhaji Tasi'u a Adjamé Saint-Michel, irin gidan nan mai tsakar gida ɗaya da famfo ɗaya, inda in ka yi tari kowa ya san mura ta kama ka.

Alhaji Tasi'u Bakano ne, yana shigo da takalma ta tashar jirgin ruwa, kantinsa na bayan babbar tashar mota ta Adjamé. Abu biyu yake taƙama da su. Na farko, ba ya cin abincin titi. Garba ɗin nan, garin rogo da soyayyen kifi da duk Abidjan ke ci da rana, a wurinsa abincin 'yan dako ne. Shi sai tuwon gidansa, da zafinsa, ƙarfe ɗaya daidai. Na biyu, matan gidansa ba sa fita. Matarsa Zalihatu tana kulle, 'yarsa Afra'u ma tun da ta gama makaranta aka rufe ta. In ya zauna cikin 'yan kasuwa sai ya gyara babbar riga ya ce, "Mu fa ba mu zo Abidjan don mu zama 'yan Abidjan ba."

To, tuwo dai ba shi da ƙafa. Tsakanin gida da kanti kuwa akwai babban titin da ya tsaga Adjamé biyu. Wa zai kai? Uwarsa. Inna Delu, tsohuwar da ta haura saba'in, siririya, ba ta da hayaniya. Kullum da hantsi ya gota za ka gan ta ta ɗora ƙunshin kwanuka a ka, buta a hannu, ta fita. Tsohuwa ai ba a yi mata kulle, in ji Alhaji, tunda babu mai kallonta.

Wanda bai san titin nan ba bari in gaya masa. Danjar da ke mahaɗar ta mutu tun ban san ranar ba. Gefen da aka yi don masu tafiya a ƙasa, 'yan tireda da masu gwanjo sun cinye shi tas, dole mutum ya sauko kan kwalta. Ga gbaka, ƙananan bas ɗin nan masu rige-rigen fasinja, su tsaya inda suka ga dama su tashi ba sallama. Mu direbobi kuma, kada in yi ƙarya, hannunmu ya fi saurin zuwa oda a kan ƙafarmu zuwa birki. Amma akwai abu ɗaya da kowane direba ke aiki da shi: fuskar mai tsallakawa. In ya juyo ya kalle ka, ka san ya gan ka, sai ka wuce abinka. A kan wannan kallon kaɗai dubban mutane ke komawa gida da rai kullum.

Wata rana a damina, shekarar casa'in da takwas, na taho da fasinja cike, sai ga Inna Delu a bakin titi. Ta juyo fuskarta sosai wajena. Na ce ta gan ni, na taka mai. Wallahi sai kawai ta sako ƙafa. Na danne birki har wata mata a baya ta gwara goshi da kujera tana zagina da Julanci, yaren kasuwar garin nan. Hancin motata ya tsaya yana taɓa zanin tsohuwar.

Na fito na nufe ta. "Inna! Ba ki gan ni ba ne?"

"Kalla ne?" ta ce. "Na ji muryar."

Muryar. Na matso na duba idonta. Yanar ido ta rufe su duka biyun, fari fat. Idon a buɗe yake, yana bin inda ƙara ta fito, shi ya sa duk direban da ya hango ta zai rantse kallonsa take yi. Na kama hannunta na tsallakar da ita, ana ta danna mini oda kamar na kashe wani.

"Inna, to yaya kike tsallakawa kullum?"

"Ai ina ganin fari-fari," ta ce, har da 'yar dariyarta ta kunya. "Sai in tsaya in jira mai farin kaya. In ya taka in taka, in ya tsaya in tsaya."

"Tun yaushe?"

"Tun bayan azumi."

"Kin gaya wa Alhaji?"

Sai ta kau da kai kamar na yi mata ashar. Nan na tuna. Alhaji Tasi'u ɗanta ne na fari. Shekara hamsin da biyu ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ba ta zama inda ya zauna, ba ta yi masa magana kai tsaye, balle ta kai masa kuka. In zancensa ya kama sai ta ce "mai gidan nan". Ko tuwon ma in ta kai, a bakin kanti take ajiyewa ta juya. Haka aka tarbiyyantar da ita, ita a wurinta wannan ne mutunci. Ta ce, "Kalla, don Allah ka rufa mini asiri."

Ban rufa ba. Washegari da safe na tare shi yana ɗumama mota a ƙofar gida, na gaishe shi, na faɗa masa duk abin da ya faru. Ya saurara yana goge madubi da hankici, ko a jikinsa.

"Ita ta ce maka ta gaji?"

"Alhaji, ba ta ce ba. Amma idonta..."

"Tsaya." Ya juya ya shiga tsakar gida, ya tsaya nesa da ɗakinta ya ɗaga murya yadda kowane ɗan haya zai ji. "Inna! An ce wani abu na damunki. Akwai abin da ke damunki?"

Can daga bayan labule muryarta ta fito, ƙasa-ƙasa. Ta kira Zalihatu, wadda ke bakin murhu. "Zalihatu, ki ce da shi lafiya lau nake."

Alhaji ya juyo ya watsa hannu. "To ka ji da kunnenka. Malam Kalla, ka ji da motarka, ni in ji da gidana."

Kai, tir! Mutumin nan ya fi kowa sanin ko wuta ce ke cin ta ba za ta faɗa masa ba. Ya san tambayar da zai yi, ya san amsar da za ta fito, shi ya sa ya yi ta a bainar jama'a. Kunyar da uwarsa ke yi masa ita ya mayar shaida. Ya shiga motarsa ya ja, har da kunna karatu a rediyo.

Na samu Zalihatu ta bayan labule, na ce ai ke kina tare da Inna yini guda. Ta ce ta sani mana. Ta ga tsohuwar tana zuba ruwa a gefen kofi, ta ga tana lalube kafin ta samu takalminta. "To me zan ce? Ni suruka ce. In na buɗe baki a ce yawo nake nema, ina so in fita. Ni dai ba ruwana, girki aka ce in yi, na yi." Ta ci gaba da tuƙin tuwonta.

Afra'u ce kaɗai ta gwada. Yarinya ce 'yar sha tara, haihuwar nan, Faransancinta ya fi Hausarta. Ina jin ta da yamma tana cewa, "Papa, pardon, bari ni in riƙa kaiwa. Zan sa hijabi har ƙasa. Kaka ba ta gani, wallahi ba ta gani."

"Ki ratsa tasha? Cikin 'yan kamasho da 'yan dako? A ce ga 'yar Alhaji Tasi'u can tana talla?"

"To a kai ta a duba idon. An ce ana cire yanar."

"A taɓa idon tsohuwa da wuƙa? Ke kin fi ni son ta ne? Tashi ki ba ni wuri."

Na sake sa baki na ce ko a zuba masa tuwon tun da safe ya tafi da shi. Ya ce shi ba ya cin tuwon da ya huce. Na ce ko wani daga kanti ya zo ya ɗauka. Ya ce ƙaton banza ba zai riƙa sintiri a ƙofar iyalinsa ba. Kowace ƙofa ka buɗe, Alhaji ya riga ya tanadi abin da zai toshe ta da shi, kuma duk da sunan addini da mutunci.

Kwanaki suka ci gaba. Da can sha biyu take fita, sai ta koma sha ɗaya da rabi, sai sha ɗaya, saboda wani lokaci takan yi kusan awa a tsaye a bakin titi tana jiran mai farin kaya. Rana ta doke ta, ruwa ya doke ta. In na biyo a daidai lokacin nakan faka in tsallakar da ita, fasinja na ƙorafi. Amma ba kullum nake biyowa ba, kuma kada in wanke kaina: akwai ranar da na hango ta, mota cike, bayana cike, na kau da kai na wuce. Har yau abin yana cina.

Wata Talata ta dawo gida tun kafin ɗaya, kai ba ƙunshi. Madubin wata gbaka ya make ta a kafaɗa, kwanukan sun tarwatse, miyar kuka ta wanke mata zani. Wata mai lemo ce ta tsinto mata kwanukan ta rako ta har ƙofa. Ina nan a tsakar gida ina gyaran taya. Tsohuwa ta zauna a dakali tana haki, hannun dama ya ƙi ɗaguwa. Kun san abin da Zalihatu ta yi? Ta wanke kwanukan, ta sake zuba wani tuwon, ta ɗaure, ta kawo ta ajiye a gabanta.

"Inna, ki yi haƙuri, yana can yana jira. Kin san halinsa."

Afra'u ta fashe da kuka. Ni na ɗauki ƙunshin na jefa a mota na kai masa da kaina. Ya karɓa yana duba agogo. Na ce gbaka ta buge Inna. Ya ce, "Subhanallahi. Direbobin nan ba su da tarbiyya." Ya buɗe kwano ya leƙa ya ce miyar ta yi kaɗan. Da yamma ya zo mata da man zafi, ya miƙa wa Zalihatu ta shafa mata, ya kuma ja mini kunne kada in sake taɓa kwanon gidansa. Kwana biyu ta huta. A kwana biyun nan yini ya yi da yunwa yana huci a kan kowa, har tsohuwar da kanta ta ji ba daɗi. A na uku ta ɗora ƙunshi da hannun hagu ta fita.

Na kai maganar majalisar dattawan unguwa, masu zama a ƙofar masallaci bayan la'asar. Allah wadaran wannan zama. Ɗaya ya ce tafiya motsa jini ce, tsoho in ya zauna ya ruɓe. Ɗaya ya ce ai gata ne, uwa ta ciyar da ɗanta da hannunta, albarka take ƙara masa. Wani ya ce mota ba ta kashe wanda kwanansa bai ƙare ba, alhali shi da kansa in zai tsallaka sai ya duba hagu da dama sau uku yana riƙe da rigarsa. Babbansu ya rufe da cewa ba a shiga tsakanin ɗa da uwa. Duk cikinsu babu wanda bai taɓa cin naman sunan gidan Alhaji ba, kuma babu mai son a daina kiransa.

Daga nan Inna Delu ta ɗauki wata ɗabi'a. Kullum in za ta fita sai ta tsaya a ƙofar ɗakin jikarta. Da can tsokanar juna suke yi, ta ce mata 'yar Faransa, ita kuma ta ce mata tsohuwar ƙauye. Yanzu sai ta ce, "Afra'u, in na yi miki wani abu ki yafe mini." Ta juya wajen murhu ta ce, "Zalihatu, ki yafe mini." Sannan ta yi kalmar shahada ta laluba bango ta fita. Mutum zai kai tuwo yana sallama irin ta mai shiga kabari, gida cike da mutane suna ji, kowa ya sunkuyar da kai yana abin da yake yi.

Ranar Laraba ce. Ban ga lokacin da abin ya faru ba, abin da ban gani ba kuwa ba zan ce na gani ba. Na taso daga Treichville na tarar da titi ya cushe, mutane sun yi dafifi. Mai lemon nan ce ta ba ni labari. Wani ɗan dako mai farar riga ya zo da buhu a ka, Inna ta bi bayansa. Shi ya hango gbaka ta taho, ya auna, ya zuba da gudu ya tsallake. Ita farin kawai ta ga ya ɓace. Ta tsaya cak a tsakiya, ta juyo fuskarta wajen ƙarar. Direban ya ga tana kallonsa, ya ɗauka za ta ja baya.

Na kutsa na same ta a kwance, tuwo a warwatse a kan kwalta, tayoyi sun bi ta kansa. Can gefe jama'a sun rufu a kan direban suna duka. Na sauke fasinjana, muka ɗauke ta muka sa a baya, na juya na haye gada zuwa asibiti a Treichville. Duk hanya ba ta yi ihu ba. Abu ɗaya ta tambaya, ko an samu wanda ya gaya wa mai gidan nan kada ya yi ta jira.

Ƙugu ya karye, haƙarƙari uku sun karye. Washegari da rana muna tsaye a kanta: ni, da Afra'u, da Zalihatu, don ranar an ɗage kulle, sai Alhaji da abokansa 'yan kasuwa biyu da suka zo dubiya. Alhaji yana ta ba su labarin irin ɗawainiyar da yake yi da likitoci. Sai tsohuwar ta motsa. Ta juyo da fararen idanun nan daidai inda muryarsa take.

"Tasi'u."

Zalihatu ta dafe ƙirji. Ni kaina ban taɓa zaton zan ji sunan nan a bakinta ba.

"Tasi'u, ba na gani. Na daɗe ba na gani. Kullum in na tsaya a bakin titin nan tsoro nake ji, kamar raina zai fita. Na yi ta jira ka duba ni ka gane da kanka."

Ta faɗa a hankali, tana numfashi da ƙyar tsakanin kalma da kalma. Allah kaɗai ya san abin da ta haɗiye kafin ta iya. Na kalli Alhaji. Gumi ya karyo masa. Na ce yau dai zai durƙusa ya kama ƙafarta. Sai ya dubi abokansa, ya girgiza kai cikin jimami.

"Kun ji ko? Buguwar ta taɓa kai. Inna a cikin hayyacinta ba za ta taɓa kiran sunana ba." Ya leƙa waje ya yafito wata ma'aikaciya, ya ce da Faransanci a duba kan tsohuwar, ta fara sambatu.

"Allah sarki," in ji abokan. "Allah ya ba ta lafiya."

Ta ji. Idonta ne ya mutu, kunnenta garau yake. Ta lalubo mayafinta da hannun hagu ta ja ta rufe fuska, ta juya wajen bango. Afra'u ta yi ta kiran "Kaka, Kaka," ba ta amsa ba. Ba ta sake yi wa kowa magana ba har ta cika ranar Juma'a da hantsi.

Zaman makoki kuwa, sai wanda ya gani. An kafa rumfa har ta tare layi, 'yan kasuwa daga Treichville, daga Marcory, har daga Bouaké. Ana ta cewa ta yi dace da ranar Juma'a, ta yi dace da ɗa. A rana ta uku dattawan ƙabilar Jula suka zo da direban gbakar, kansa naɗe da bandeji, ido ɗaya a kumbure. Magidanci ne, ya durƙusa yana kuka yana rantsuwa cewa ta kalle shi, wallahi ta kalle shi. Ni kaɗai a wurin na san gaskiya yake faɗa. Alhaji ya bari sai da rumfa ta yi shiru, sannan ya miƙe ya gyara riga.

"Na yafe masa duniya da lahira. Kwananta ne ya ƙare. A sake shi ya tafi ga iyalinsa."

Wuri ya ɗauki kabbara. Dattawan masallaci har da share hawaye, wai irin wannan zuciya sai an tona. Na yunƙura zan yi magana, babbansu ya damƙe mini hannu ya ce, "Kalla, wurin makoki ne." Na koma na zauna. Ni ma ɗin dai matsoraci ne mai ɗaki ɗaya a gidan mutane, na haɗiye abina kamar kowa.

Aka yi sadakar bakwai aka naɗe rumfa. Ranar Litinin Alhaji ya koma kanti. Ban fita aiki ba ranar, ina tsakar gida ina wanke kayana, ina jira in ga wa kuma za a ɗora wa ƙunshi. Sha biyu ta yi, babu wanda ya fita. Ɗaya saura kaɗan sai na ji oda a ƙofar gida. Alhaji ne ya shigo yana kaɗa makullin mota a yatsa. Zalihatu ta shimfiɗa masa tabarma a inuwa, daidai ƙofar ɗakin da aka rufe, ta kawo tuwo yana tururi. Ya wanke hannu ya yi bismilla, ya kai loma biyu, ya gyaɗa kai.

"Ashe ma ba nisa," ya ce da ita. "Minti bakwai na yi. Kuma kin ga a nan ya fi zafi."